Awon Ciki ga Macen da Mahaifarta Ta Saɓa wa Siffar da Aka Sani

Mahaifar 'ya mace tana samuwa ne tun tana cikin mahaifiyarta, lokacin da wasu bututu guda biyu, waɗanda ake kira da sunan masanin Jamus Johannes Müller, suke haɗuwa, sannan bangon da ke tsakaninsu ya narke su zama jaka ɗaya. Idan haɗuwar ba ta kammala ba sai a sami mahaifa mai ƙaho biyu, ko mahaifa biyu kowacce da bakinta; idan kuma ɗaya daga cikin bututun ne bai gama halitta ba sai a sami rabin mahaifa. Idan kuwa bangon ne ya ƙi narkewa sai a sami mahaifa mai shamaki a tsakiya. Kimanin mata 5 cikin 100 suna da ɗaya daga cikin waɗannan siffofi, kuma da yawansu suna haihuwa lafiya ba tare da sun taɓa sani ba.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, da zarar ciki ya shiga babu maganar gyaran siffar mahaifa, sai dai sa ido da shiri. Haɗuran da likitoci ke fargaba sanannu ne: ɓari, haihuwar bakwaini kafin mako 37, rashin girman ɗan tayi yadda ya kamata, da kuma kwanciyarsa a gicciye ko zuwansa ta ɗuwawu, saboda ƙuncin wuri ya hana shi juyawa. Mafi muni shi ne cikin da ya zauna a ɗan guntun ƙahon da bai gama halitta ba a gefen rabin mahaifa, domin yakan fashe, galibi a tsakiyar watannin ciki, jini ya ɓalle a cikin uwar, kuma ba abin da ke ceton ranta sai tiyata cikin gaggawa.

A nan ne lokacin fara awo yake da nauyi. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai juna biyu ta ga ma'aikatan lafiya sau takwas, na farko cikin makonni 12 na farko, a kuma yi mata hoton ciki kafin mako 24. Siffar mahaifa ta fi fitowa a hoto tun ciki yana ƙarami, kuma tsakanin mako 16 da 24 ne ake auna tsawon bakin mahaifa. Idan ya gaza milimita 25, likita kan ba da sinadarin furojestaron, wanda ke taimaka wa ciki ya zauna, ko ya ɗinke bakin da zare mai ƙarfi da za a warware dab da haihuwa. Macen da kunyar cikin fari ta sa ta ɓoye shi har wata na shida, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, ta riga ta wuce wannan dama, haka ma wadda ta yi ɓari sau uku aka ɗora laifin a kan iska ba a leƙa mahaifarta ba. Akan kuma duba ƙoda, domin wani lokaci mai rabin mahaifa ƙoda ɗaya take da ita.

Ko yanke shamakin kafin samun ciki, wanda aka daɗe ana yi, yana da ja: wani gwaji da likitocin ƙasar Holan suka jagoranta, aka wallafa a 2021, bai nuna cewa yana ƙara yawan haihuwar 'ya'ya masu rai ba, ko da yake mata 80 kawai ya ƙunsa.

Batun wurin haihuwa kuwa tun kafin naƙuda ake yanke shi. Ba kowace mai irin wannan mahaifa ce sai an yi wa tiyata ba, amma idan an shiga mako 36 jaririn bai kawo kai ƙasa ba, aikin ya fi ƙarfin ungozoma da ƙaramin asibitin unguwa. Saboda haka wadda za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta sai ta tafi da katin awonta da sakamakon hotonta, bayan an tabbatar akwai asibiti kusa mai ɗakin tiyata, da jinin ƙari, da kwalbar renon bakwaini.