Daga Gimbana zuwa Maryland: abin da alƙalami ya yi wa bayi

Yau zan yi magana kan karatu da 'yancin bawa, kuma a gida zan fara, don labarin na ƙasar Jega ne.

A ƙarshen shekarar 1803 dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka afka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Suka kame mutane, har da malamai da almajirai, suka tasa su gaba a matsayin bayi. Da aka biyo da su ta Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan rikicin na cikin abin da ya kai ga hijirar Gudu a watan Fabrairun 1804. Ɗan Abdussalami, wato Buhari, shi ne daga baya ya kafa Jega, wadda ta zama babbar kasuwa a ƙasar Gwandu.

Me ya sa abin ya yi zafi haka? Domin a shari'a ba a bautar da ɗa musulmi. Tun 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta cewa mutanen Kano, Katsina, Borno da Songhai musulmi ne, bai halatta a mallake su ba. To amma idan an kai ka ƙasar da ba wanda ya san ubanka, wa zai shaide ka? A nan karatu ke zama shaida. Wanda ya iya karanta Alƙur'ani, ya iya rubutu, yana da hujja a bakinsa da hannunsa.

Mu tsallaka teku. Ayuba Sulaiman Diallo, ɗan malami ne daga Bundu a ƙasar Senegal ta yau. An sayar da shi, aka kai shi Maryland a Amurka, yana aikin taba. Ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci. Wasiƙar ta faɗa hannun James Oglethorpe a Landan, aka fassara ta, aka tara kuɗin fansarsa, ya koma gida a 1734. Masu bayi kuwa sun san haɗarin. A 1740 South Carolina ta yi dokar hana koya wa bawa rubutu.

Sai dai kar mu ɗauka rubutu laƙani ne. Umar bin Sa'id ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831 a North Carolina, amma har ya rasu yana bawa. Alƙalami yakan kai kukan mutum nesa, sai kuma an samu wanda ya ji ya motsa.

A nan Arewa ma, bayan zuwan Turawa, bawan da ya fanshi kansa kotun alƙali ke ba shi takardar 'yanci, kuma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya. Ka duba mutumin da 'yancinsa ke rubuce a takarda, amma sai ya nemi wani ya karanta masa.

Shi ya sa nake cewa, ɗan'uwa mai sayar da albasa a Aliero, da ke 'yar'uwa a Maiyama: kar ku dangwala yatsa a takardar gona, ko ta bashi, ko ta aikin ƙasar waje, sai kun san abin da ke ciki. In ƙaninka ya iya ajami kawai, ƙara masa boko. In boko kawai ya iya, kai shi gaban malam.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya bar zumunci.