Jirgin Basarke da ƙarfin ruwa

A Gaya, in Basarke zai ƙetare kogin Kwara, ba ya sa goshin jirginsa daidai mashigin da yake nufi. Sai ya karkata shi wajen da ruwa yake fitowa. Baƙo yana iya cewa ya ɓata hanya, amma shi ya san abin da yake yi.

Ƙarfi biyu ne suke aiki a kan jirgin. Filafili yana tura shi zuwa tsallake, ruwa kuma yana jan shi gangare. Jirgi ba ya rabuwa biyu, don haka sai ya bi hanya ta uku, a tsakaninsu. Ƙarfin nan biyu sun haɗu sun zama ɗaya.

Yaya ake sanin yawansa? Wani masani na ƙasar Ingila, Isaac Newton, ya bayyana dokar a 1687. A ninka nauyin abu da ƙarin gudunsa, sai a sami ƙarfin da yake tura shi. Ƙarin gudu shi ne abin da gudu yake ƙaruwa da shi cikin kowane sakan. Ana auna nauyi da kilo, ƙarfi kuwa da niyutan, don tunawa da masanin.

A ce jirgi da mai shi da kayansa sun kai kilo 200. Sa'ad da ya bar gaɓa, gudunsa yana ƙaruwa da 0,3 wajen tsallake, da 0,4 wajen gangare, an auna da metir a sakan, cikin kowane sakan. Mai gaggawa zai tara su ya ce 0,7. Ya yi kuskure, domin ƙarin gudu yana da yawa, yana kuma da alƙibla. Ba a tara na tsallake da na gangare kamar yadda ake tara awaki.

A ɗauki allo. A ja kibiya mai santimetir 3 zuwa sama. Daga tsininta a ja wata mai santimetir 4 zuwa dama. Sai a haɗa gindin ta farko da tsinin ta biyu, a auna. Za a sami santimetir 5, ba 7 ba. Ke nan ƙarin gudun jirgin 0,5 ne. A ninka 200 da 0,5: ƙarfin niyutan 100 ne, kusan wanda ake ɗaga bokiti mai lita 10 na ruwa da shi.

Kibiyar nan ta uku ta fi karkata wajen gangare, don ruwa ya fi filafili ƙarfi. Wanda ya miƙe goshin jirginsa kai tsaye zai wuce mashigi, ya je ya faɗa cikin ciyawa, watakila ma wurin da dorina take kwance. Shi ya sa Basarke yake kashe wani ɓangare na ƙarfinsa wajen tare ruwa, sauran ya kai shi tsallake.