Damagaram: Su wa ke ɗaukar nauyin waɗanda suka rasa matsuguni?

A ranar 3 ga watan Satumban 2024, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Cikin 'yan sa'o'i hotunan rushewar suka karaɗe shafukan sada zumunta.

Damunar da ta ci masallacin ta ci gidajen talakawa masu ɗimbin yawa. Alƙaluman gwamnatin Nijar sun nuna cewa ambaliyar shekarar ta kashe kusan mutum 400, ta kuma shafi sama da mutum miliyan 1.5 a faɗin ƙasar. Jihohin Maradi, Tawa da Damagaram na cikin waɗanda suka fi asarar rayuka. Lamarin ya kai ga hukumomi sun ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan, saboda wasu azuzuwan sun lalace, wasu kuma iyalan da gidajensu suka faɗi ne ke kwana a ciki.

Da ɗalibai suka koma aji, dole waɗannan iyalai suka nemi wani wurin. Wasunsu sun koma inda talakan Damagaram ya saba komawa, wato gidan ɗan'uwa ko zauren maƙwabci.

Zaure, tasha da bakin masallaci

Birni ita ce cibiyar tsohuwar masarautar Damagaram. A nan fadar sarki take, a nan kuma Sarki Tanimun ya ƙarfafa ganuwa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da ayarin fatake ke zirga-zirga tsakanin Kano da Tarabulus suna yada zango a unguwar da har yau ake kira Zango. Garin ya zama hedikwatar Turawan mulkin mallaka na Faransa daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da ita Yamai. Tun 2006 unguwar Birni da fadar ke cikin jerin wuraren da Nijar ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, da mutum sama da miliyan 3.5. Duk shekarar da damuna ta gaza, mutanen karkara kan kwararo cikin birni neman abin kai wa bakin salati.

Rashin matsuguni a nan ya sha bamban da wanda ake gani a biranen Turai da Amurka. Da wuya a ga magidanci ya kafa tanti a gefen titi. Marar matsuguni a Damagaram shi ne almajirin da ke kwana a zauren malaminsa tare da yara da yawa kan tabarma ɗaya, da ɗan ci-ranin da ke shimfiɗa kwali a tasha, da bazawarar da ke raɓe a ɗakin ƙanwarta da 'ya'ya huɗu, da mai taɓin hankalin da ke kwana a bakin kasuwa. Yawancinsu suna da rufi a kansu, sai dai rufin na wani ne, kuma ranar da mai shi ya gaji ko shi ma nasa ya faɗi, sai titi.

Taimakon da ba shi da ofis

Kafin zuwan kowace ƙungiyar agaji, jama'a na da hanyoyinsu na riƙe marar ƙarfi, kuma su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin har gobe. Akwai zakkar amfanin gona, kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, da zakkar kuɗi, kashi ɗaya cikin arba'in. Akwai zakkar fid-da-kai da ake fitarwa kafin sallar Idi ƙarama. Akwai sadakar Juma'a ta masa, fura ko hatsi, da ciyarwar azumi da attajirai da masallatai ke yi.

Wata al'ada da ke ceton yara da yawa ita ce ta uwar ɗaki. Almajiri kan samu gida guda da yake yi wa aike, ɗebo ruwa ko shara, matar gidan kuma ta riƙa ajiye masa tuwo, ta ba shi sabulu da tsofaffin tufafin 'ya'yanta. A garin da ruwan sha ke da wuyar samu kamar Damagaram, wadda ke zaune kan dutse, ɗebo ruwa kaɗai aiki ne mai daraja.

Mata kuma na da adashi da asusu. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta ɗauki wannan al'ada a jihar Maradi ta tsara ta da sunan Mata Masu Dubara: mata su haɗu, kowa ta zuba abin da ya sawwaƙa duk mako, a ba mai buƙata rance, a kuma ware wani ƙaramin asusu domin rashin lafiya, gobara ko rasuwa. Tsarin ya bazu a Nijar, daga baya ƙasashe da dama na Afirka da Asiya suka kwaikwaya.

Raunin wannan tsari shi ne ya dogara ga sanayya. Wanda ke da dangi, unguwa ko malami yana samun mai tuna shi. Baƙo, ko wanda jama'a ke ƙyama, yana iya faɗuwa babu wanda ya lura. Haka kuma idan bala'i ya auka wa unguwa baki ɗaya, kamar ambaliya, mai bayarwa da mai karɓa duk sukan zama mabuƙata a dare ɗaya.

Kara-Kara da 'yan fale

Babu inda wannan rauni ya fi bayyana kamar Kara-Kara, unguwar da asalinta wurin keɓe masu cutar kuturta ne. Cutar na warkewa, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke samar da maganinta kyauta, amma ƙyamar ba ta warke ba. 'Ya'ya da jikokin mutanen farko sun taso da tabon sunan unguwar, da yawansu ba su da takardar haihuwa, abin da ke toshe musu hanyar jarrabawa da aikin albashi.

A irin waɗannan unguwanni ne ƙungiyoyin matasa da ake kira fale suka yi ƙarfi. Sunan ya samo asali daga kalmar Faransanci mai nufin fadar sarki. Sun bambanta da fada, wato majalisar shan shayi da hira da aka sani a duk faɗin Nijar, domin an fi danganta su da ɗaga ƙarfe, ƙwaya da faɗan unguwa. An sha ambaton su a tarzomar da aka yi a garin, ciki har da ta 16 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa.

A 2021 Aisha Macky, 'yar asalin garin, ta fitar da fim ɗin gaskiya mai suna Zinder, inda ta shiga Kara-Kara ta bi rayuwar wasu daga cikin matasan. Fim ɗin ya nuna masu neman fita daga wannan rayuwa ta hanyar kabu-kabu, aikin gadi, fasa dutse ko sayar da man fetur na sumoga. Ya kuma nuna cewa ga yaron da ba shi da kowa, fale ce ke zama masa wurin kwana da kwanon abinci. Duk mai son raba shi da ita sai ya tanadar masa madadin waɗannan biyun.

Ita ma sana'ar man ta samu tangarɗa. Duk da matatar SORAZ da aka buɗe a Nuwamban 2011 a arewacin garin, matasa da yawa sun daɗe suna rayuwa kan man da ake shigowa da shi daga Najeriya. Cire tallafin mai da Najeriya ta yi a watan Mayun 2023 ya rage ribar, sai ga rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin shekarar, wanda ya ƙara tsadar abinci.

Bara har ƙetare

Talaucin karkarar Damagaram ya daɗe da tsallake iyaka. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Da yawansu daga yankin Kance suka fito. A watan Maris na 2022 kuma, gwamnatin Nijar ta kwaso sama da mutum 1,000 da ke bara a titunan Dakar, bayan wani gidan talabijin na Senegal ya nuna halin da suke ciki. Hukumomi sun ce akasarinsu 'yan Kance da Magarya ne, sun kuma zargi wasu dillalai da shirya safarar.

Dokar Nijar ta haramta bara, amma kwaso mutane a mayar da su ƙauyen da gonarsa ta kasa ciyar da su bai hana wasu sake kama hanya ba.

Cibiyoyin da ke ba da wurin kwana

Akwai ƙungiyoyin da suka daɗe suna aiki a garin. Gidauniyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan na kula da yara masu cutar noma a Damagaram tun 1992. Noma cuta ce da ke cin naman baki da fuska, tana kama yaran da ke fama da tamowa, kuma tana kashe mafi yawan waɗanda ba su samu magani ba. Cibiyar kan saukar da yara da iyayensu mata kafin tiyata da bayanta. Sai a watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Akwai kuma ƙungiyar Au Cœur du Niger, ita ma mai tushe a Suwizalan, da aka kafa a 2009. Cibiyarta mai suna Après-demain, wato jibi, na karɓar yaran titi, marayu, zabiya da 'yan matan da suka haihu da ƙuruciya, tana ba su wurin kwana, karatu da koyon sana'a.

Waɗannan cibiyoyi na iya ɗaukar kaɗan ne daga cikin mabuƙata, kuma yanayin agajin waje na sauyawa. A Nuwamban 2024 hukumomin Nijar suka janye lasisin ƙungiyar Acted ta Faransa da wata ta cikin gida mai suna APBE. A Fabrairun 2025 aka umarci ƙungiyar agaji ta ICRC ta bar ƙasar. A shekarar ce kuma Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, wadda ke cikin manyan masu tallafa wa ayyukan abinci da lafiya a yankin Sahel.

Inda hannun 'yan ci-rani zai kai

Wannan giɓi ya mayar da hankali kan dukiyar cikin gida da ta 'yan garin da ke waje. Tura kuɗi ya yi sauƙi ta kamfanoni irin su Nita da Amana, kuma zaurukan WhatsApp na 'yan unguwa da tsofaffin ɗalibai kan tara gudummawa cikin sauri idan an yi rashi ko gobara. Sai dai irin wannan taimako yakan zo ne bayan ɓarna ta auku, ya kuma tafi kan abincin 'yan kwanaki.

Addini ya tanadi hanyar da ta fi wannan ɗorewa, wato wakafi: mutum ya keɓe gida, shago, gona ko rijiya, a riƙa amfani da abin da ke fitowa domin mabuƙata har bayan ransa. Nijar ta kafa babbar hukumar kula da wakafi, kamar yadda jihohin Sakkwato da Kano ke da hukumomin zakka da wakafi. Gida ɗaya da aka yi wakafinsa a Birni ko Zango zai iya zama masaukin zawarawa ko ɗakin kwanan almajirai na shekaru masu yawa, muddin an rubuta shi a gaban shaidu an kuma naɗa amintattun masu kula.

Akwai kuma ayyuka masu sauƙin kuɗi. Ginin ƙasa na buƙatar yaɓe da gyaran indararo kafin saukar ruwa, aikin da a da ake yi da gayya, amma tsofaffi da zawarawa ba su da ƙarfin yi. Nema wa yaro takardar haihuwa a kotu na buɗe masa ƙofar makaranta. Biya wa matashi kuɗin koyon walda, ɗinki ko gyaran babur na iya raba shi da kwanan tasha.

Lokacin yaɓen shi ne rani, daga Maris zuwa Mayu. Da zarar hadarin Yuni ya haɗo, gidan da ba a gyara ba sai dai a jira abin da Allah zai yi.