Yamai: Ina ruwan rini da asid ke zuwa bayan an tashi aiki?

Daga unguwar Zongo zuwa gidan tarihi na Boubou Hama tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci. A harabar gidan, wanda aka kafa a 1959, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa na aiki a idon jama'a. Kusa da nan kwarin Gounti Yena yake, mai kwashe ruwan lambatun tsakiyar birni ya juye a kogin Isa.

Mai sayen zobe ko shadda bai cika tambayar me ya rage a bokiti ba. A da, irin rinin Ƙofar Mata ta Kano, baba ne da toka da kanwa. Rinin zamani kuwa sai da soda mai ƙuna da garin haidirosalfayit. Sodar na cin fata, tana iya makantar da ido. Garin kuma in danshi ya taɓa shi yakan yi zafi har ya kama da wuta. Maƙerin farfaru da asid yake wanke azurfa. Wasu fentin masu zane na ɗauke da dalma, gubar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, lokacin da ake haƙar zinare.

Shi ya sa a sassan koyar da zane na jami'o'i da dama a Turai da Amurka, malamai da ma'aikatan ɗakin aiki ake fara horarwa kafin ɗalibai. Darasin ba wani mai wuya ba ne: kowane sinadari da mazubinsa, da sunansa a jiki. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Tsumman da ya sha man fenti a gwangwani mai murfi yake kwana. Ba a juye komai a lambatu.

A Yamai, inda akasari a gaban maigida ake koyon sana'a, shi ya kamata horon ya fara samu, domin yaro hannun maigidansa yake kallo. In ya ga ana dama soda ba safar hannu, haka zai yi ranar da ya buɗe tasa rumfar.

Doka dai akwai ta: tun Disambar 1998 Nijar ke da dokar kula da muhalli mai lamba 98-56. Sai dai marinin da ya yarda ya tara gurɓataccen ruwansa a jarka, dole a nuna masa inda zai kai ta idan ta cika.