Toronto, babban birni mai mulki da ikon aro

Ranar 27 ga Yulin 2018 ce ranar rufe karɓar takardun masu neman kujerar kansila a Toronto, birni mafi girma a Kanada. A ranar ce kuma firimiyan lardin Ontariyo, Doug Ford, ya kira 'yan jarida ya ce zai rage mazaɓun birnin daga 47 zuwa 25. Tun farkon watan Mayu aka buɗe fagen yaƙin neman zaɓe, 'yan takara sama da 500 sun yi rajista, an kuma tsayar da 22 ga Oktoba don kaɗa ƙuri'a. Ɗan takarar da ya buga fastoci, ya karɓi gudummawar magoya baya, ya shafe makonni yana bi gida gida yana ƙwanƙwasa ƙofa, sai ya wayi gari mazaɓarsa ta kusa ninkawa, da unguwannin da bai taɓa neman ƙuri'arsu ba. A wasu wuraren ma kansiloli biyu masu ci aka haɗa su kara kan kujera ɗaya.

Hujjar Ford ita ce majalisar birnin ta cika surutu da jan ƙafa, kuma ragin zai ceto dala miliyan 25 cikin shekara huɗu. Masu sukarsa suka ce ramuwar gayya ce kawai. Ya taɓa zama kansila a wannan majalisa daga 2010 zuwa 2014, lokacin da ƙanensa Rob Ford yake magajin gari, ya nemi kujerar da kansa a 2014, John Tory ya kayar da shi. Abin da ba a musu a kai shi ne, bai ambaci wannan shiri ba lokacin da yake neman ƙuri'ar da ta kai shi kujerar firimiya a watan Yuni.

Ta yaya shugaban lardi zai yi wa birni mai mutum kusan miliyan 2.8 haka, zaɓe yana tsaka? Amsar tana cikin dokar 1867 da ta kafa Kanada. Matakan gwamnati biyu kacal ta sani. Sashe na 91 ya ba tarayya tsaro, kuɗin ƙasa, bankuna da dokokin manyan laifuka. Sashe na 92 ya ba larduna asibitoci, filaye da dukiya, sashe na 93 ya ƙara musu ilimi. Birane da garuruwa kuwa layi ɗaya suka samu a cikin sashe na 92, a jerin abubuwan da lardi ke da iko a kansu, dab da lasisin shaguna da mashaya. Wato lardi ne ke ƙirƙirar birni da dokarsa, shi ke iya haɗe shi da wani, ya rage shi, ko ya shafe shi. A wancan zamani ba abin mamaki ba ne, don mutanen Toronto ba su kai 60,000 ba. Yau birnin ya fi shida daga cikin larduna goma na ƙasar yawan jama'a. Lardin tsibirin Yarima Edward, mai mutum 154,000 a ƙidayar 2021, yana da ikon da gwamnatin tarayya da ke Otawa ba ta isa ta ƙwace ba, Toronto ba ta da ko ɗaya.

Birnin ya garzaya kotu. Ranar 10 ga Satumba mai shari'a Edward Belobaba ya soke dokar rage mazaɓun, ya ce ta tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. Ford bai ɓata lokaci ba, a ranar ya ce zai yi amfani da sashe na 33 na kundin 'yancin 'yan ƙasa na 1982, wanda ya yarje wa majalisa ta jingine wasu haƙƙoƙi na tsawon shekara biyar. Ontariyo ba ta taɓa zaro wannan makami ba kafin nan. Har zaman tsakar dare majalisar lardin ta yi a kan maganar, amma kafin a gama sai kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da hukuncin Belobaba ranar 19 ga Satumba, aka yi zaɓe da mazaɓu 25.

Kotun Ƙoli ta rufe babin ranar 1 ga Oktoban 2021, alƙalai biyar suka goyi bayan lardi, huɗu suka saɓa. Masu rinjaye suka ce kwanaki 69 da suka rage wa 'yan takara sun ishe su isar da saƙonsu, kuma kundin tsarin mulki bai ba birane wani matsayi na kansu ba. Mai shari'a Rosalie Abella, wadda ta rubuta ra'ayin marasa rinjaye, ta ce matsalar tana ga lokacin da aka zaɓa, don an birkita zaɓen da ya riga ya yi nisa. A ganina hujjarta ta fi nauyi. Yawan kujeru abu ne da za a iya jayayya a kai, wataƙila ma 25 ɗin sun isa. Amma babu gaggawar da ta hana a bari sai zaɓen 2022.

Ba Ford ne ya fara ba. A 1998 gwamnatin lardin Ontariyo ta Mike Harris ta haɗe ƙananan hukumomi shida suka zama Toronto ta yanzu, alhali kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar jin ra'ayi a 1997 sun ce ba su so.

Inda abin ya fi ciwo shi ne aljihu. Birni ne ke ba da ruwan famfo, ya kwashe shara, ya share ƙanƙara daga titi da hunturu, ya biya 'yan kwana-kwana da direbobin bas. Ƙungiyar biranen Kanada ta daɗe tana kukan cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na manyan kayan more rayuwa na hannun birane, amma abin da suke samu bai wuce kashi goma na harajin ƙasar ba. Ba su da ikon karɓar harajin albashi, doka kuma ta hana su yin kasafin ayyukan yau da kullum da giɓi. Sai dai su koma kan harajin gidaje, shi ya sa a 2024 magajiyar garin Toronto Olivia Chow ta ƙara shi da kashi 9.5 cikin ɗari. Zanen aro ba ya rufe katara.

An ga haka ƙiri-ƙiri a bazarar 2023. Masu neman mafaka, yawancinsu 'yan Afirka, suka yi makonni suna kwana a gefen titi gaban ofishin karɓar marasa matsuguni da ke lamba 129 a titin Peter, da jakunkunansu da kwalayen da suka shimfiɗa. Birni ya ce shige da fice aikin tarayya ne, ɗakunan kwanansa kuma sun cika. Tarayya ta ce matsuguni aikin lardi da birni ne. Coci-cocin baƙar fata ne suka kwashe mutanen, kafin Otawa ta ware wa Toronto dala miliyan 97.

Ko da tarayya ta so miƙa wa birane kuɗi hannu da hannu, larduna kan tare hanya. Lardin Kebek ya daɗe da dokar da ta hana biranensa ƙulla yarjejeniya da Otawa ba da izininsa ba. Da gwamnatin tarayya ta Justin Trudeau ta fara raba wa birane asusun dala biliyan 4 na hanzarta gina gidaje, firimiyar lardin Albata, Danielle Smith, ta kafa irin wannan doka a 2024.

Mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne ga wannan rigima, sai dai tamu a juye take. Sashe na 7 na kundin 1999 ya tabbatar da zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi, an ma jera sunayen 774 ɗin a cikin kundin, duk da haka gwamnoni suka yi shekaru suna naɗa kantomomi suna riƙe asusun haɗin gwiwa, har sai da Kotun Ƙoli ta haramta hakan ranar 11 ga Yulin 2024. Birnin Kanada ba shi da wannan kariya a rubuce, amma shi ke karɓar harajinsa da hannunsa, yana zaɓe a kan lokaci, kuma al'ada ce ke hana firimiyoyi taɓa shi. Ford ya nuna cewa al'adar ba ta da haƙori in mai mulki ya ƙi jin kunya.

Bai kuma tsaya nan ba. A 2022 ya ba magadan garin Toronto da Otawa ikon zartar da wasu dokoki da goyon bayan kashi ɗaya cikin uku na kansiloli kawai, muddin dokar ta dace da abin da lardi ya sa a gaba. Majalisar Toronto har yau kujerun kansila 25 gare ta, kowane kansila yana wakiltar mutum sama da 100,000.