Aji a cikin waya: Yadda kiran bidiyo ya shiga harkar karatu, da abin da yake ci wa ɗalibi

A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Najeriya, ɗalibai da yawa suka fara jin sunan Zoom a karon farko. Hukumar UNESCO ta ce a lokacin da abin ya yi ƙamari, ɗalibai sama da biliyan 1.5 ne suka zauna a gida a faɗin duniya. Kamfanin Zoom kuwa ya bayyana cewa masu shiga taro ta manhajarsa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020.

An daɗe da buɗe makarantu, amma karatu ta kiran bidiyo bai tafi da annobar ba. A yau malamin jami'a da tafiya ta kama shi yakan tura wa ɗalibansa link. Masu koyar da ɗinki, zanen kwamfuta da haɗa manhaja suna tara ɗalibai daga garuruwa daban-daban a lokaci guda. Mahaddata Alƙur'ani a Kano da Zariya suna sauraron hadda daga yaran da ke zaune a Ingila ko Saudiyya. Sai dai akasarin waɗannan manhajoji an ƙirƙire su ne da tunanin mai kwamfuta, da intanet mai ƙarfi, da wutar da ba ta ɗaukewa. Ɗalibin da ke riƙe da wayar Android da datar mako guda, lissafinsa daban ne.

Manhajojin da aka fi amfani da su

Zoom, wanda Eric Yuan ya kafa kamfaninsa a 2011, shi ya fi suna. A tsarinsa na kyauta mutum 100 za su iya shiga, amma kiran yana yankewa bayan minti 40. Amfaninsa ga malami shi ne zai iya rufe makirufon kowa, ya raba ɗalibai zuwa ƙananan ɗakuna don su tattauna, sannan ya dawo da su.

Google Meet ya zama kyauta ga duk mai adireshin Gmail a 2020. Shi ma yana ɗaukar mutum 100, kuma kiran rukuni yana kai awa guda kafin ya yanke. Microsoft Teams ya fi yawa a makarantun da ke bai wa ɗalibansu imel na makaranta, kuma can kamfanin Microsoft ya mayar da masu amfani da Skype bayan ya rufe shi a watan Mayun 2025.

WhatsApp ba ya buƙatar gabatarwa. Kiran bidiyonsa yana ɗaukar mutum 32, kuma tun 2023 ana iya nuna wa sauran mahalarta abin da ke kan fuskar waya. Ga ƙaramin aji na mutum biyar ko goma ya wadatar, tunda ba sai an sauke sabuwar manhaja ba. Illarsa ita ce a cikin rukunin aji lambar wayar ɗalibi takan fito fili ga mutanen da bai sani ba. Telegram kuma ya fi dacewa da babban darasi inda malami ke magana ɗaruruwa suna sauraro, kuma ana iya naɗar zaman a bar shi a cikin rukuni.

Lissafin data

Nan ne gizo ke saƙar. Kiran bidiyo yana cin data ta fuska biyu: hoton da ke shigowa wayar, da kuma hoton da wayar ke turawa. Kamfanin sadarwa duka biyun yake cirewa.

A ƙa'idar da Zoom ya fitar, kiran rukuni mai hoto mai kyau yana son gudun kusan 1 Mbps wajen turawa da 600 kbps wajen karɓa. In aka haɗa, awa guda za ta iya lashe kusan 700MB. Murya kaɗai kuwa 60 zuwa 80 kbps take buƙata, nuna rubutun da ke kan allon malami kuma 50 zuwa 75 kbps. Wato darasin da aka yi da murya da rubutu kawai, kusan 70MB zai ci a awa guda.

Ɗalibin da ke da darasin awa uku a mako zai yi awa 12 a wata. Da kyamara a kunne zai iya ƙone sama da 8GB. Da kyamara a kashe, bai fi 1GB ba. Tun bayan da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗin da ya kai kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, wannan bambanci ya zama bambancin wanda zai kai ƙarshen kwas da wanda zai ɓace a mako na biyu. Shi ya sa malaman da suka ƙware a harkar suke barin kyamara a kunne a mintunan farko na gaisuwa, daga nan kowa ya kashe sai mai magana.

Karatun da ya dace da kira, da wanda bai dace ba

Ba kowane darasi ne ke buƙatar a haɗu kai tsaye ba. In malami zai yi awa guda yana bayani ba tare da an yi masa tambaya ba, ya fi sauƙi ya naɗi muryarsa ko gajeren bidiyo ya tura, ɗalibi ya sauke da datar dare, ya saurara sau nawa ya ga dama. Kiran bidiyo ya fi amfani a inda ake buƙatar amsa nan take: tambaya da amsa, gyaran lissafin da ɗalibi ya yi, koyon furucin wani harshe, ko kare aikin bincike a gaban malamai.

Akwai kuma inda kyamara ta zama dole. Malamin tajwidi yana son ganin leɓɓan mai karatu don ya gane ko harafi ya fito daga inda ya kamata. Mai koyar da ɗinki sai ya ga yadda aka riƙe almakashi. A irin wannan hali, kira tsakanin mutum biyu ko uku ya fi aji mai cunkoso, kuma ya fi sauƙin data.

Wani abin da ke ba sababbin malamai mamaki shi ne karatun baki ɗaya, irin wanda aka saba a firamare da Islamiyya, ba ya yiwuwa ta intanet. Murya takan ɗan jinkirta kafin ta isa, kuma jinkirin kowa daban ne gwargwadon ƙarfin sabis ɗinsa. In yara 20 suka ɗauka tare, hayaniya kawai za a ji. Mafita ita ce malami ya biya, kowa ya maimaita da makirufo a rufe, sannan a riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya.

Waɗanda ake bari a baya

A lokacin korona, jihohi irin su Kaduna da Kano sun koma ga rediyo da talabijin wajen koyar da ɗalibai, domin an san yawancin gidaje ba su da intanet. Dalilan da suka sa aka yi haka ba su kau ba. An ƙaddamar da 5G a Najeriya a 2022, amma har yanzu akwai ƙauyukan da sai an fita bayan gari ake samun sabis. Ga matsalar wuta: kiran bidiyo yana aiki da kyamara, da fuskar waya, da intanet a lokaci guda, don haka batir yana saurin sauka, wayar ta ɗau zafi. A gidaje da dama ma waya ɗaya ce, ta uba ko ta yaya, kuma tana fita da mai ita tun safe.

Malamin da ya ɗauki suna a kan kira kawai, ya hukunta wanda bai shigo ba, sau da yawa talauci yake hukuntawa. Abin da ya fi adalci shi ne a naɗi darasin, a tura taƙaitaccen bayani a rubuce, a kuma bar ƙofar tambaya a buɗe ga wanda sabis ya yanke masa. Ɗalibai ma kan taimaki juna: uku ko huɗu su haɗu a waya ɗaya su yi karo-karon kuɗin data.

Tsaro da gajiya

A 2020 an sha samun ɓata-gari suna kutsawa cikin azuzuwan Zoom suna zagi ko nuna hotunan batsa, har hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kai. Daga nan kamfanin ya mayar da lambar sirri da ɗakin jira su zama a kunne tun farko a asusun kyauta. Darasin da ke ciki har yanzu yana nan: kada a saka link na aji a Facebook ko a status, kuma malami ya duba suna kafin ya buɗe wa mutum. Bai dace wani ya ɗauki hoton fuskokin 'yan aji ya yaɗa ba tare da izininsu ba, musamman inda akwai mata da ƙananan yara. Ɗalibin da zai kunna kyamara a gida kuma ya juya bayansa ga bango, ko ya dusashe bayan hoton, don kada ya nuna iyalin gidan ga baƙi.

Gajiyar da ake ji bayan dogon kira ma ba lalaci ba ce. A 2021 Farfesa Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya kawo dalilai huɗu: yawan kallon fuskoki dab da ido, ganin kai a allo kamar mai riƙe da madubi, zama wuri ɗaya ba motsi, da wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha wajen fahimtar alamun jiki ta hoto. Ɓoye hoton kai da yin hutu tsakanin darussa suna rage ta. Ta wannan fuskar, minti 40 ɗin da Zoom ke yankewa ba asara ba ce, kusan tsawon darasi guda ne a makarantar sakandare.

Ɗalibin da ya caja wayarsa tun da wuri, ya sa abin kunne, ya tsayar da sabunta manhajoji, ya ajiye biro da littafi a gefe, ya riga ya yi rabin shiri. Sauran rabin yana hannun malamin da ya tuna cewa kowane minti na darasinsa, daga aljihun ɗalibi ake cire kuɗinsa.