Girki Ba Alkama: Inda Magidanci Ke Samun Sauƙi A Yola Da Jimeta

YOLA — Magidancin da likita ya hana wani daga cikin iyalinsa cin alkama yakan ɗauka cewa an ɗora masa sabon nauyi ne a kan cefane. A manyan kantunan Turai da Amurka haka abin yake, domin burodi da taliyar da aka sarrafa ba tare da alkama ba sun fi na yau da kullum tsada. Amma a Yola da Jimeta lissafin ya sha bamban, saboda abincin da ba shi da alkama shi ne wanda ake nomawa a bayan gari.

Abin da ake gudu a cikin alkama shi ne wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, wanda kuma ake samu a sha'ir. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi, burodi ya tashi. Ga masu cutar siliyak, waɗanda aka ƙiyasta sun kai kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, wannan sinadari yana lalata bangon ƙaramin hanji, har jiki ya kasa tsotsar amfanin abinci. Likitoci na jan kunne cewa a yi gwaji kafin a daina cin alkama, domin dainawar kan ɓata sakamakon gwajin.

Dawa, gero, masara, shinkafa, acca, wake, rogo da doya duk ba su da gulutin. Ma'ana, tuwo da fura da ƙosai da alale da kunun gyaɗa, wanda Adamawa ta yi suna a kansa, ba su da laifi. Waɗanda za a bari su ne burodi, taliya, fanke, funkaso, alkaki da garin semo, wanda mutane da yawa ba su san cewa tsakin alkama ne ba.

Ta fuskar kuɗi, bambancin a fili yake. Nijeriya na noma ɗan kaɗan ne daga cikin alkamar da take ci, sauran kuwa da dala ake sayo ta. Ana sauke ta a tashoshin jiragen ruwa na kudu, a niƙa, sannan a ɗora fulawar a mota ta yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000 daga Legas kafin ta iso Jimeta. Saboda haka duk girgizar da ta taɓa canji ko man fetur sai ta bayyana a kan tebur ɗin mai shayi. An ga haka a 2022 lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin alkama a duniya, aka kuma sake gani a 2023 bayan cire tallafin fetur a watan Mayu da sakin darajar naira a watan Yuni. Ba yau aka fara ba: gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama a 1987, ta kuma janye haramcin a 1992 ba tare da noman cikin gida ya cike giɓin ba.

Hatsin gida ma ya yi tsada, babu mai musun wannan. Sai dai kuma tsadarsa tana da lokaci, magidanci kuwa na iya yi mata dabara. Farashi kan faɗi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya riƙa hawa har tsakiyar damina. Wanda ya sayi buhun masara ko dawa da kaka ya kuɓuta daga awon mudu-mudu na watan Yuli, haka nan shinkafar rani ta fadamar tafkin Geriyo na ƙara sassauta kasuwa idan ta fito. Fulawa ba ta da kaka. Sharaɗin kawai shi ne ajiya: hatsi ya bushe sarai, wake kuma a zuba shi cikin buhu mai leda biyu a ciki wanda ba ya shan iska, don kada ƙwari su cinye ribar.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Burodi da taliyar leda ba da araha suka ci kasuwa ba, da sauri suka ci ta. Uwargidan da za ta shirya yara makaranta ta kuma wuce ofis ba ta da sa'a biyu na surfe da wanki da kai niƙa. Maganin wannan shi ne a tattara aikin wuri guda. A surfa wake da yawa a shanya, ranar ƙosai sai jiƙo da markaɗe kawai. A busar da gasara ta zama gari, koko ya koma aikin 'yan mintuna. A kwaɓa ƙullun waina da dare ya kwana ya tashi. Ɗumamen tuwo kuwa, wanda wasu 'yan birni ke rainawa, tsohuwar dabara ce ta cin abinci biyu da wuta ɗaya, kuma a farashin gas da gawayi na yanzu ba abin rainawa ba ne.

Amma tarin gari yana da iyaka. Garin gero na da maiƙo, yakan yi ɗaci cikin 'yan kwanaki, balle a zafin Yola na Maris da Afrilu da kan haura digiri 40. Niƙan mako guda ya fi na wata guda, tunda ba a dogara da firji a inda wutar lantarki ba ta tsayawa.

Akwai haɗarin da ba a cika lura da shi ba, wato injin niƙa na unguwa. Injin da ya niƙa alkamar wani gida da safe, ya niƙa masarar wani da hantsi, ya riga ya gauraya su. Ma'aunin duniya na abincin da za a ce ba shi da gulutin shi ne kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda, adadin da ɗan ragowar gari a bakin inji zai iya zarcewa. Haka kuma wasu masu ɗanwake da waina na sayarwa kan ƙara fulawa, wasu kayan ɗanɗanon miya na kanti ma na ɗauke da garin alkama, don haka sai an karanta jikin kwali.

A nan ne ƙofar kasuwanci take. Mai injin da ya keɓe guda ɗaya ga hatsin da ba alkama ba, ko mai ƙaramin jarin da zai ƙulla garin dawa da na wake da busasshiyar gasara a leda mai awo, yana sayar wa iyali lokaci ne, kuma masu sayensa ba marasa lafiya kaɗai ba ne. Kayan da aka ƙulla don sayarwa a kanti na buƙatar rajistar hukumar NAFDAC, rubuta "babu gulutin" a jikin leda kuwa sai da gwajin ɗakin bincike da zai tabbatar da shi.